Tankin man kwale-kwale ya ci tsatsa: walda ko sabo?

Malam, ka ce tankin man kwale-kwalenka mai inji ya fara ɗiga, kana tunanin kai shi walda. Don Allah kada ka yi, sayi sabo. Tankin da ya sha fetur, ko an zazzage shi, tururin da ya rage yana iya fashewa.

Ruwan gishirin Legas daga ƙasa yake cin ƙarfe. Leƙa gindin tankin, za ka ga ƙananan ramuka. Kafin ka taɓa tankin, cire batir tukuna, kwashe man, bar wurin ya sha iska. Ɗaga sabon tankin kaɗan yadda ruwa ba zai kwanta ƙarƙashinsa ba, ka canza tiyo gaba ɗaya, nan mutane ke yin rowa.

Kafin zuba mai, makanikin jirgin ruwa ya gwada sabon tankin da iska, ya ga ko yana yoyo.