Amsa: Wane rufi ne ya fi sanyi, kuma yaya za a gwada?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko shiga gidan kwano da gidan soro a unguwarku a Marwa ya isa ka gane rufin da ya fi sanyi. Gaskiya bai isa ba, don wani gidan yana ƙarƙashin darbejiya, wani kuma tagarsa na kallon yamma.

Masu bincike kan gina ƙananan ɗakuna ne a fili ɗaya, girmansu ɗaya, bulo ɗaya, ƙofofi na kallon gabas ko arewa gaba ɗaya, da tazara yadda inuwar wani ba za ta faɗa kan wani ba. Rufi kaɗai ake bambantawa: kwano zalla, kwano mai silin, kwano da aka shafa wa farin fenti, jinka, da rufin ƙasa kan azara. A rataye ma'aunin zafi a tsakiyar kowane ɗaki, kada ya taɓa bango, ɗaya kuma a waje cikin inuwa.

Don Allah kada ka tsaya a awon rana. Kwano yana ɗaukar zafi nan take, da azahar ko hannu ba ka iya ɗorawa a kansa, amma bayan magariba ya huce. Rufin ƙasa mai kauri yana shanye zafin ne a hankali, ya sake shi cikin dare lokacin da yara ke barci. Saboda haka ka riƙa rubuta awo kowace awa, dare da rana.

Ka yi gwajin a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, sannan ka maimaita da damina.