Rular riyal biyu da tef ɗin da ke ƙarya

Wata uwa daga Shari' Mansur a Makka ta rubuto hankalinta a tashe: ɗanta na aji uku duk lissafin awo sai ya faɗi. Ya auna fensir ya ce santimita 13, malami ya ce 12. Ko ta ɗauko masa malamin darasi a gida?

Hajiya, kwantar da hankalinki, lafiyar ƙwaƙwalwar yaronki ƙalau. Daga 1 yake fara awo maimakon sifiri, shi ya sa kullum ɗaya ke yin sama. Ki kama hannunsa ki ɗora gindin fensirin a kan sifiri, ku auna cokali, takalmi, asuwaki, ya faɗi wanda ya fi tsawo kafin a auna. Idan a Najeriya kika yi boko, ki kula: a littafinsu mai lambobin Larabci sifiri ɗigo ne, wannan mai kama da sifirin namu kuwa biyar ne. Kuɗin malamin ki riƙe abinki.

Wani Alhaji daga Madina yana tambaya wace iPad ce ta fi dacewa da koyon awo. Alhaji, rula. Littafin gwamnati kyauta ne, darussan Ain, tashar karatu ta gwamnati, ma kyauta. Yaron da bai taɓa auna ƙofar ɗakinsu ba, gilashi ba zai koya masa mita ba.

Sai wani tela daga Sabil a Jidda: 'yarsa ta yi aikin gida da sabon tef ɗin awo da ya saya a Abu Riyalain, shagon kayan riyal biyu, incin duk bai yi daidai ba.

Malam, ai gara ita, maki kawai ta rasa. Kai da ka yanka yadin mutane da shi fa? Duba ƙarshen tef ɗin. Na gaskiya mai santimita 150, bayansa inci ne har wajen 60. Idan naka ya tsaya a 45, ba inci ba ne, awon Sinawa ne wanda kowane ɗaya ya kai santimita 3.33, alhali inci 2.54 ne. Ba wanda zai gaya maka, mai shagon ma wataƙila bai sani ba.

Abin da ke ba ni haushi, mutum zai sayi turaren ɗari biyu bai yi ciniki ba, amma kayan awon ɗansa sai ya nemi mafi araha, rular da lambobinta ke gogewa kafin hutu, ko ta roba da zafin mota ya lanƙwasa. Araha ba ta ado. Ban ce duk na riyal biyu jabu ne ba, amma a gwada kafin a biya. Ciro iƙamarka, wato katin izinin zama a Saudiyya, ko katin banki: tsawonsa santimita 8.56 ne, wato takwas da rabi da ɗan ƙari. A gida kuma takardar A4 faɗinta 21, tsawonta 29.7. Rular da ta saɓa wa waɗannan, kwandon shara.

Tunda kai tela ne, ka koya wa yarinyar bambancin yadi da mita a kan tebur ɗinka. Yadi santimita 91.44, mita 100. Wanda ya biya kuɗin mita biyar aka yanka masa yadi biyar, an ci masa kusan santimita 43, hannun riga ke nan. Ka sa ta lissafa da kanta, sannan ka jefar da tef ɗin nan yau.