Daga Manchester zuwa Kano: ina arahar tikiti take?

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a Manchester ta rubuto cewa shekara huɗu rabonta da gida. Tana so ta kai yaranta uku Kano su ga kakanninsu a hutun Disamba, amma duk sanda ta duba kuɗin tikiti sai gabanta ya faɗi. Ta ga wani mai sauƙi zuwa Legas ta Faransa, tana tambaya ko ta saya.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Wannan tikitin dai ki dakata tukuna. Kuɗin da ya kamata ki lissafa shi ne na daga ƙofar gidanki zuwa ƙofar gidan Baba, ba lambar da kika gani a waya ba. In kin sauka Legas, akwai jirgin cikin gida na mutum huɗu zuwa Kano, wanda shi ma yake tashin gwauron zabi a Disamba, kuma kilo ɗin da yake yarda da shi bai kai na jirgin waje ba. Akwatunan tsarabar nan masu kilo 23 sai kin biya musu ƙari. Tun da tikiti biyu ne daban, in na farko ya makara kika rasa na biyu, babu mai mayar miki da ko sisi.

Ga kuma maganar takardu. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake nema wa bizar ratsa filin jirgi a yankin Schengen, wanda Faransa da Jamus suke ciki. In da koren fasfo kike tafiya, ki tabbatar da matsayinki a shafin ofishin jakadancinsu kafin ki biya, domin tun a wurin auna kaya ake mayar da mutum.

Ni da ni ce, da Kano kai tsaye zan fara nema. Ethiopian Airlines tana zuwa ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways ta Doha. Tafiyar tana da tsawo, da yara kuma sai haƙuri, amma tikiti ɗaya ne, kayanki sai a filin jirgin Malam Aminu Kano za ki gan su. Ki gwada Abuja ma, ki kuma gwada tashi daga Landan, amma ki haɗa da kuɗin jirgin ƙasa zuwa can.

Babban abin da ke cin kuɗinki shi ne ranar tafiya. Daga tsakiyar Disamba duk 'yan Najeriyar da ke Ingila gida suke nufa. Ki buɗe Google Flights ko Skyscanner, shafukan kwatanta kuɗin tikiti, ki duba watan gaba ɗaya maimakon rana ɗaya, ki kunna sanarwar sauyin farashi. Matsawa da kwana biyu ko uku kan kawo ragi mai kauri, kuma tashi ranar Kirsimeti kanta yakan fi sauƙi, mu kuwa ba abin da zai hana mu. Hutun Ista ma abin dubawa ne, sai dai zafin Kano a Afrilu ba wasa ba ne ga yaron da aka haifa a sanyi. In autanki bai cika shekara 2 ba, a cinya zai zauna, kuɗinsa kaɗan ne, amma ki lura kada ya cika shekarun kafin ranar dawowa.

In ta hannun dillali za ki saya, ki karɓi lambar rajistar tafiyar, ki shigar da ita a shafin kamfanin jirgin da kanki, ki ga lambar tikitin kowa ta fito. Ajiye kujera daban, tikitin da aka biya daban. Ki biya da katin banki, kada ki tura kuɗi asusun wani don kawai an ce ɗan gari ne a WhatsApp.

Sunan kowane yaro ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. In kuma kin sabunta fasfo, ki shigar da sabon a asusunki na eVisa, wato bizarki ta Birtaniya da ke intanet, tun kina Manchester, don kada a tsayar da ku a Kano ranar komawa aiki.