Ƙusa, sukuru ko bolti: me zai riƙe manyan katakai a waje?

Tambaya: Ina shirin kafa rumfar katako a fili, inda ruwa da rana za su riƙa dukanta. Ginshiƙan masu kaurin santimita 15 ne ta kowane ɓangare, katakan da za su gitta a kansu kuma masu nauyi ne, duka an yi musu maganin gara da ruɓewa. Kafintana ya ce ƙusa mai inci shida ta wadatar, wani kuma ya ce in sayi dogayen sukuru. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, ƙusa tana da wurinta, wajen buga ƙananan katakai da na rufi. Amma mahaɗar ginshiƙi da babban katako ta fi ƙarfinta. Katakon da ke waje yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, kuma wannan kai da komo yana tura ƙusa waje sannu a hankali, har ranar da iska mai ƙarfi za ta ƙarasa aikin. Abin da nake so a wannan mahaɗa shi ne bolti mai ratsa katakan biyu ya fito ta ɗaya ɓangaren, a sa masa washa a ɗaure da noti. Ga kaurin da ka faɗa, bolti biyu masu milimita 12 a kowace mahaɗa shi ne abin da aka saba, in nauyin ya yi yawa a koma masu 16.

Kafin ka sayi ko ɗaya, ga abin da ya fi damuna. Kada ka rataya babban katakon a gefen ginshiƙi, ka bar bolti shi kaɗai da nauyin rufin. A yanke wa ginshiƙin gurbi a samansa, katakon ya zauna a ciki daram, nauyi ya bi ta katako zuwa katako har ƙasa. Aikin bolti a nan shi ne ya hana zamewa, ya kuma hana iska ɗaga rufin. In aka rataya nauyi a kan bolti, ba ƙarfen ne ke fara gazawa ba, katakon ne ke tsagewa daga ramin. Wanda ba ya son yanka gurbi ya sayi hular ƙarfe da ake ɗora wa ginshiƙi, ya cika dukkan ramukanta da irin ƙusa ko sukurun da masu ƙera ta suka ambata.

Sai maganar tsatsa, kuma a nan maganin da aka yi wa katakonka yana da muhimmanci. Yawancin magungunan da ake matsa wa katako yanzu, irin su ACQ, suna ɗauke da tagulla mai yawa. Sun yaɗu ne bayan Amurka ta daina amfani da tsohon maganin CCA a katakon gidaje a ƙarshen 2003. Tagulla da danshi in sun haɗu da baƙin ƙarfe suna cinye shi, kuma cin yana faruwa ne a cikin katako inda ido ba ya gani. Kan boltin zai iya zama lafiya lau, alhali cikinsa ya sirance. Saboda haka ka nemi galbanaiz na gaske, wanda aka tsoma a narkakken zinki, mai launin toka da ɗan kaushi. Mai ƙyalli sumul ɗin nan rufinsa siriri ne, na cikin ɗaki ne. In rumfar tana kusa da teku, ko kullum cikin jiƙa take, sai sitenlas, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, musamman lamba 316 wanda ya fi 304 jure gishiri. Alminiyam kada ya taɓa irin wannan katako. Kuma bolti da washa da noti da farantin ƙarfe duk su zama iri ɗaya, don in ka haɗa sitenlas da galbanaiz a wuri mai danshi, zinkin ne zai fara zaizayewa.

Game da sukuru, mai ba ka shawarar yana da gaskiya, in dai irin wanda aka ƙera don ɗaukar nauyi yake nufi, mai rubutun cewa ya dace da katako mai magani. Yana da amfani inda ba ka iya kai hannu bayan katako ka ɗaura noti, da wajen kafa tokaren kusurwa. Baƙin sukurun nan na allon silin kuwa, karyewa yake yi farat ɗaya, ka nisance shi. Babban sukuru mai kan spana yana buƙatar a fara huda masa hanya, kuma murɗa shi ake yi, ba a buga shi da guduma. Ka kuma sani cewa duk abin da aka cusa ta bakin katako, wato ta inda aka yanke shi, riƙonsa ya fi rauni.

Wurin huda rami ma yana da ƙa'ida. Ramin ya fi boltin faɗi da kamar milimita 1 kawai. Daga rami zuwa ƙarshen katako a bar ninki bakwai na kaurin boltin, wato kusan santimita 8.5 ga mai milimita 12. Tsakanin bolti biyu a tsawon katako, ninki biyar. Daga gefe, ninki uku zuwa huɗu. Washa ta zama mai faɗi, aƙalla ninki uku na kaurin boltin, ta ɓangarorin biyu in kan boltin na spana ne. Ka ɗaure har washar ta kama katako sosai, kada ka matse har ta nutse, domin nutsewar tana farfasa fatar katako ta buɗe wa ruwa ƙofa. Duk inda ka yanka ko ka huda, ka shafa maganin katako kafin ka haɗa, saboda maganin ba koyaushe yake kaiwa tsakiyar katako mai kauri ba.

Ƙasan ginshiƙi kuma a ɗora shi a kan takalmin ƙarfe da zai ɗaga shi kamar santimita 2.5 daga kankare, don kada ya zauna cikin ruwa. In rumfar babba ce, ko mutane za su riƙa hawa samanta, injiniya ya lissafa maka yawan bolti da girmansu. Katakon da aka yi wa magani yakan zo da danshi, zai tsuke bayan ya bushe, sai notin ya yi sako-sako. Bayan wasu watanni ka bi su ɗaya bayan ɗaya da spana, sannan ka riƙa duba su sau ɗaya a shekara.