MacBook ko HP, wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a, na tara ɗan kuɗi zan sayi laftof ta hannu. Abokina ya nace sai MacBook wai ita ce ta manya, mai shago kuma sai cusa min HP yake. Wai meye bambancinsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ba gidansu ɗaya ba. HP da Dell da Lenovo duk jikokin kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar ne a 1981, ya haɗa ta da kayan wasu, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) daga Intel, manhaja daga Microsoft, to da yake kayan ba nasa bane shi kaɗai sai irin su Compaq suka shiga kwaikwayo har abin ya cika duniya, shi kansa IBM ɗin a 2005 ya sayar wa Lenovo na China sashen kwamfutocin, shi ya sa yanzu kake ganin ThinkPad da sunan Lenovo. Apple kuwa, mai yin MacBook, ya fito da Macintosh a 1984, kuma har yau shi ke ƙera injin shi ke yin manhajar, ba ruwansa da kowa.

Wannan tarihin shi zai taɓa aljihunka. Ranar da kibod ɗin HP ya mutu ko cajarta ta ƙone, ka leƙa Beirut Road a Kano za ka samu, har RAM ma (ma'ajin da ke riƙe ayyukan da kake yi a lokacin) yawancinsu ana ƙara musu. MacBook masu furosesar M1 da suka fara fitowa a 2020 gaskiya batirinsu ba wasa, ga mai fama da NEPA abin so ne, amma RAM ɗin a like yake, yadda ka saye ta haka za ka ƙare da ita, gyara kuma sai ka shirya.

Ni dai a ganina ɗalibi mai lissafin kuɗi ya ɗauki HP ko ThinkPad. Amma kar a yaudare ka da "ai Core i7 ce". Duba lambar da ke bayan ɗan layin nan (-) a sunan furosesar, misali i5-8250U, wannan 8 ɗin shi ne zubi na takwas, ƙasa da haka yawanci Windows 11 ba ta yarda da su, ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Nemi RAM giga 8, da SSD (ma'ajin bayanai mai sauri) ba tsohon hard disk ba, kuma ka cire caja a gaban mai shagon ka ga minti nawa za ta yi. In kuma zuciyarka ta kafe a MacBook, kar ka biya sai ka tabbatar babu iCloud (asusun Apple) ɗin tsohon mai ita a ciki.