Yaya Ake Gane Kamfanin Tufafin da Yake Kula da Muhalli da Ma'aikatansa da Gaske?

Tambaya: Ina da shagon kayan yara a Kaduna, kuma yawancin kayana daga Dubai ake saro mini su. A ciki akwai na kamfanin H&M, wasunsu da 'yar takarda a jiki mai cewa an yi su da audugar da ba a yi wa feshin magani ba, ko da zaren da aka sake sarrafawa. Ƙanwata da ke karatu a Ingila ta ce duk talla ce kawai. Ta yaya mutum zai tantance ko kamfani yana kula da muhalli da haƙƙin ma'aikata? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, ƙanwarki tana da rabin gaskiya. Takardar da ke jikin riga tana magana ne a kan zaren rigar kaɗai, ba ta cewa komai game da wanda ya ɗinka ta, ko inda aka zubar da ruwan rininta, ko yawan ire-irenta da aka ƙera aka kasa sayarwa. Saboda haka masu bin diddigin wannan harka ba sa farawa da takardar. Suna neman abin da wani na waje zai iya zuwa ya tabbatar da idonsa.

Abu na farko shi ne ko kamfanin ya bayyana sunaye da adireshin masana'antun da suke yi masa aiki. H&M, wanda aka kafa a Suwidin a 1947, ba shi da masana'anta ko ɗaya ta kansa; kwangila yake bayarwa a ƙasashe irin su Bangaladash da Sin da Turkiyya da Indiya. Tun 2013 yake wallafa jerin waɗannan masana'antu, kuma a 2020 shi ne ya zo na ɗaya cikin kamfanoni 250 a ma'aunin bayyana gaskiya na ƙungiyar Fashion Revolution, da maki 73 cikin ɗari. Sai dai wannan ma'auni yana auna yawan abin da kamfani ya faɗa ne, ba kyawun abin da yake yi ba. Amfaninsa shi ne yana ba 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago hanyar zuwa ƙofar masana'anta su yi tambaya, kamfanin da ya ɓoye jerin kuwa ya toshe wannan hanya tun daga tushe.

Daga nan sai batun lafiyar ginin da ake aiki a ciki. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza, mai ɗauke da masana'antun ɗinki a kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladash, ya rufta, mutum 1,134 suka rasu. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, bankin da ke ƙasan benen da shaguna suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma kan kekunansu da safe. Watanni kaɗan kafin wannan, a Satumba 2012, gobara ta kashe fiye da mutum 250 a masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises da ke Karachi a Pakistan, makonni ƙalilan bayan an ba ta takardar shaidar cika ƙa'idojin kula da ma'aikata. Wannan ne ya sa ba na ba wa binciken da kamfani ko masana'anta ta biya kuɗinsa nauyi sosai. Abin da ya fi ƙarfi shi ne yarjejeniyar kare gobara da lafiyar gine-gine ta Bangaladash da aka ƙulla a Mayu 2013, domin tana da ƙarfin doka, ƙungiyoyin ƙwadago suna cikinta, kuma ana wallafa sakamakon binciken kowace masana'anta. H&M ba ya cikin masu ɗinki a Rana Plaza, kuma yana cikin na farko da suka sa hannu. A nan ya cancanci yabo.

Inda ya kamata ki fi zuba ido shi ne albashi, domin nan ne kamfanoni suka fi iya wasa da kalmomi. Za ki ga an rubuta cewa ana biyan ma'aikata "bisa dokar ƙasa", mai karatu ya ɗauka an yi adalci. Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a Bangaladash ya tsaya a taka 8,000 (taka ita ce kuɗin ƙasar) a wata tun daga 2018, har sai ƙarshen 2023 da aka ɗaga shi zuwa taka 12,500, kimanin dalar Amurka 113 a lokacin, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta, alhali ƙungiyoyin ma'aikata taka 23,000 suka nema. Ke nan kamfani zai iya bin doka sau da ƙafa, matar da ta ɗinka rigar kuma ta kasa biyan kuɗin haya da na makarantar 'ya'yanta sai ta haɗa da aikin bayan lokaci. A 2013 H&M ya ce nan da 2018 zai samar da tsarin da zai kai ma'aikata 850,000 ga albashin da zai riƙe iyali. Da wa'adin ya cika, ƙungiyar Clean Clothes Campaign ta yi hira da ma'aikata a wasu masana'antun da ke yi masa aiki ta ce abin da suke karɓa bai kai ko kusa ba, kamfanin kuma ya ce alkawarinsa na kafa tsari ne, ba na wani adadin kuɗi ba. A ganina wannan amsa da kanta ta nuna abin da za a riƙa tambaya: nawa ne ke shiga hannun ma'aikaci a ƙarshen wata, kuma yana da 'yancin shiga ƙungiya ya nemi ƙari ba tare da an kore shi ba?

Yanzu ga takardar da kika gani. Ki juya rigar ki duba ɗan ƙyallen da aka ɗinke a gefen ciki, inda aka rubuta kason kowane zare. Idan an ce kashi 20 cikin ɗari ne aka sake sarrafawa, saura 80 sabo ne. Idan zaren roba ne da aka sake sarrafawa, mafi yawansa daga gorunan ruwa aka yi shi, ba daga tsofaffin tufafi ba, kuma zai ci gaba da zubar da ƙananan ɓurɓushin roba a duk wanki. Tambarin shaida ma ba ɗaya ba ne. GOTS yana bin auduga daga gona har marina, da sharuɗɗan aiki a masana'anta. OEKO-TEX Standard 100 yana tabbatar da cewa babu sinadari mai cutar da fata a jikin kayan, abin da ke da muhimmanci ga mai sayar da kayan jarirai, amma bai shafi albashi ba. Better Cotton kuwa a tsarinsa na asali ana iya gauraya audugarsa da wata a hanya, don haka ba lalle ne wadda ke jikin rigar ta fito daga gonar da aka tantance ba.

Hukumomi ma sun yi magana a kan irin wannan takarda. A 2019 hukumar kare masu saye ta Norwe ta ce bayanin da H&M yake yi a kan rukunin kayansa mai suna Conscious bai wadatar ba, a 2022 kuma hukumar Holan ta sa ya amince zai gyara ko ya cire irin waɗannan kalmomi, ya kuma ba da gudummawar Yuro 500,000 ga ayyukan kare muhalli. Game da hayaƙin da ke ɗumama yanayi, kamfanin ya yi alkawarin rage kashi 56 cikin ɗari nan da 2030 idan aka kwatanta da 2019. Abin dubawa shi ne ko lissafin ya haɗa da masaƙu da marinu masu ƙona gawayin kwal, domin can ne mafi yawan hayaƙin yake, ba a fitilun shaguna ba.

Hukuncina a kan H&M shi ne ya fi yawancin takwarorinsa bayyana kansa da kula da lafiyar gine-gine, ya gaza a albashi, kuma babbar matsalarsa ita ce yawan kayan da yake fitarwa. Rigar auduga ɗaya tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa shago, a 2018 kuma kamfanin ya bayyana cewa yana da kayan da ba a sayar ba na dala biliyan 4.3. Inganta zare ba ya rage wa ƙasa nauyi idan adadin rigunan yana ƙaruwa kowace shekara.

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, domin a nahiyarmu wani kaso mai yawa na rarar yake ƙarewa. Kamfanin yana ajiye akwatunan karɓar tsofaffin kaya a shagunansa tun 2013, amma rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa a duniya ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na zaren tufafi ne yake komawa sabuwar tufa. Kasuwar Kantamanto da ke Akara tana karɓar kimanin tufafin gwanjo miliyan 15 a mako, kuma ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari a bola suke ƙarewa. Duk ɗan gwanjon da ya taɓa yanke igiyar dila ya san yadda abin yake: 'yan ƙalilan na farko da ake rataye wa a gaban rumfa, na biyu da ake zubewa a tabarma, sai tarin masu yagaggen wuya da tabon da ba ya fita, waɗanda ya riga ya biya kuɗinsu bai gani ba. Saboda haka ƙungiyar take kira ga kamfanoni su wallafa adadin tufafin da suke ƙerawa a shekara, ƙwaya-ƙwaya. Idan kina duba rahoton wani kamfani, ki nemi wannan adadi, ki kuma duba ko yana biyan wani abu ga garuruwan da suke kwashe sharar kayansa.