Gangar da za ta tafi Boston

Ka tambaye ni me ya sa na hana ka ɗaure fatar nan tamau kamar ta jiya. Ajiye guduma ka saurara, ɗana.

Gangar jiya a nan Kerry, a ƙasar Ireland, za ta zauna, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Fatar akuya tana shan danshi ta saki, shi ya sa kake ganin makaɗan bodhrán, wato irin wannan ganga tamu, suna kanga ta a bakin murhu kafin su soma kiɗa. Wannan kuwa Boston ta Amurka za a kai ta. Can da hunturu na'urar ɗumama ɗaki ba ta hutawa, iska ta bushe ƙamas. Fata za ta yi ta ja har ta yage ta bakin ƙusoshi, wani lokaci ma ta lanƙwasa katakon. Don haka a bar mata wurin ja. Ko kuma mu sa mata zoben ciki mai kusoshin murɗawa, mai ita ya ɗaure ko ya sassauta da kansa. Tsofaffi sun raina wannan dabara da ta fito, ni dai ban ga aibinta ba.

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba. A wurinsu kusan faifan sheƙar hatsi ce, sai ranar 26 ga Disamba samari su ɗauko ta su bi gida-gida da kiɗa. Seán Ó Riada, wani masanin kiɗa na ƙasarmu, ne ya hau da ita dandali a farkon shekarun 1960. Kafin nan ƙauyuka sun riga sun zube. Yunwar da ta faro a 1845 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka tsallaka teku, sannan a shekarun 1950 matasa suka kwarara Ingila aikin gini. Jikokinsu ne yau ke aiko mana da kuɗi, suna son abin da aka yi da hannu a garin kaka. Ba don su ba, da tuni na rufe rumfar nan.

Mai wannan gangar ba zai iya dawo mana da ita gyara ba, saboda haka tun daga jima ake kiyayewa. Fatar ta jiƙu sosai a ruwan farar ƙasa har gashi ya zube da kansa, kada ka yi gaggawar kankarewa. In wuƙa ta ci wuri ɗaya ya yi siriri, nan ne za ta fara tsagewa.

Danna tsakiyarta da babban yatsa. Ka ji ta ɗan nutsa? Haka nake so. Ci gaba da buga ƙusoshin, ɗaya nan, ɗaya a ɓangaren da ke fuskantarsa.